Kwamfutar da na haɗa ta ƙi tashi: fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin, jar fitila a kan CPU

Mai_Kyamara_Kn:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku agaza min, tun jiya da la'asar kaina ya ɗaure.

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Tsohuwar kwamfutar ofis da nake lallaɓawa ta gaji, in na sa ta fitar da bidiyon awa ɗaya sai in je masallaci in dawo, in ci abinci, ita tana nan tana nishi. Shi ne na yi ta tari ina sayen kaya ɗaya bayan ɗaya har na haɗa sabuwa da hannuna. Madabod ɗin, wato babban allon da ake dasa sauran kaya a kai, MSI B450 Tomahawk MAX ne, na hannu amma da kwalinsa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD, sabo dal. RAM DDR4 mai giga 8 guda biyu. Katin hoto GTX 1660 Super. Fawa saflai mai wat 550. SSD kuwa, wato diskin da ke ɗauke da Windows da fayiloli, na tsohuwar na ciro na sa.

Ina danna maɓalli fankoki duka suna tashi, har na katin hoto, amma monita ko ƙyaftawa ba ta yi. Sai ta rubuta babu sigina ta koma barci. A gefen RAM akwai wasu 'yan fitilu huɗu a jere, ta farkon da aka rubuta wa CPU (wato furosesa) ta kama ja ta tsaya cak. Na bar ta haka har minti goma ina zaune ina kallonta. Babu ƙauri, babu hayaƙi, babu ƙara.

Ranar Asabar zan miƙa aikin mutane. Furosesan ne ya zo a mace, ko ni ne na ƙona wani abu?

Gwanin_Bata:
Wa alaikumus salam. RAM ne. Cire su duka ka goge haƙoran da abin goge fensir, ka mayar da guda ɗaya ka gwada. Ka danna sosai sai ka ji ƙas.

Sarkin_Zolaya:
Da laftof ka saya da yanzu ka gama aikin amarya kana shan shayi.

Abu_Amatullah:
Kafin komai, a ina ka soka wayar monita? In a jikin madabod ka sa ta, har gobe ba za ka ga hoto ba, domin 5600 ba shi da sashen hoto a cikinsa. Wanda ke da shi shi ne mai G a ƙarshe, 5600G. Dole wayar ta shiga katin hoto, can ƙasa. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, ƙanena ɗan sakandare ne ya zo ya nuna min.

Mai_Kyamara_Kn:
@Abu_Amatullah a katin hoto take, Malam. Na ma gwada da talabijin ɗin ɗaki, duk ɗaya. @Gwanin_Bata na cire guda ɗaya na gwada, jar fitilar ba ta motsa ba.

Injiniya_Zazzau:
Malam Mai Kyamara, ka kwantar da hankalinka, da wuya a ce ka ƙona wani abu. Fitilun nan huɗu labari suke ba ka. Idan ka kunna kwamfuta, madabod yana bin kayan ɗaya bayan ɗaya: ya fara da furosesa, ya wuce RAM, ya wuce katin hoto, sannan ya nemi inda zai ɗauko Windows. Shi ya sa aka jera su CPU, DRAM, VGA, BOOT. Inda fitila ta tsaya, nan tafiyar ta tsaya. Taka ta tsaya tun a ƙofar farko, ko kan RAM ba a kai ba.

Yanzu ɗauko kwalin madabod ɗin ka duba. Akwai wata 'yar sitika da ke faɗin jerin Ryzen da aka shirya shi ya karɓa. Me aka rubuta, 3000 ko 5000?

Mai_Kyamara_Kn:
An rubuta Ryzen 3000 Desktop Ready.

Injiniya_Zazzau:
To ga ɓarawonka nan. B450 ya fito a 2018, samfurin MAX a 2019, zamanin Ryzen 3000. Jerin 5000 sai a Nuwamban 2020 ya fito, shi kuma 5600 marar X ɗin nan naka sai a Afrilun 2022. Soket ɗin ɗaya ne, AM4, shi ya sa furosesan ya zauna daram kamar don shi aka yi. Amma BIOS da ke cikin madabod ɗin, wato ɗan shirin da ke fara tada kwamfuta kafin Windows, bai taɓa jin sunansa ba. Kamar ka je gidan da maigadi bai san ka ba ne, ƙofar ta ishe ka shiga amma ba zai buɗe ba. In mai shi na farko bai taɓa sabunta BIOS ba, to abin da kake gani shi ne daidai abin da ya kamata ka gani: fanka na juyawa, fitilar CPU ta kama, monita shiru.

Sa'arka ɗaya, wannan madabod yana da maɓallin sabunta BIOS a bayansa, kusa da ramukan USB. Ba ya buƙatar furosesa ko RAM kafin ya yi aikin.

Gwanin_Bata:
Injiniya, da girmanka, amma ban yarda a ce fitilar CPU ba ta da alaƙa da RAM ba. A Ryzen abin da ke sarrafa RAM a cikin furosesa yake. Na sha ganin fitilar CPU ta kama, ashe RAM ne bai zauna ba. Kuma shi da ya ce ya gwada guda ɗaya, a wane rami ya sa? Ba kowane rami ake farawa da shi ba.

Injiniya_Zazzau:
@Gwanin_Bata maganarka tana kan hanya, yana faruwa. Ramin da ake fara sawa shi ne na biyu daga furosesa, A2, in guda biyu ne kuma A2 da B2, wato na biyu da na huɗu. Ya gwada, ba ya cin kuɗi. Sai dai ko RAM ya zauna kamar sarki a karaga, BIOS ɗin 2019 ba zai tada 5600 ba.

Hajiyar_Cafe:
Ni dai ba injiniya ba ce, amma shekara tara ina riƙe da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa, kwamfutoci goma sha biyu ne a hannuna. Abin da ya fi kashe min su abu biyu ne, ƙura da ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Lokacin hunturu in ka buɗe akwatin sai ka ga ƙura ta yi kamar auduga a kan fanka. Da na ga ɗaya ta fara manta kwanan wata, na san batirin ya kusa. Akwai wadda ta ƙi tashi sam, yaron shagona ya cire batirin, muka jira minti biyar, ya sa sabo, ta tashi kamar ba ita ba. Tunda madabod ɗin na hannu ne, ɗana, ka canza batirin. Wa ya san shekarunsa nawa a ajiye?

Mai_Kyamara_Kn:
Na gode Hajiya, zan saya in sha Allahu. Akwai mai gyaran agogo a bakin layinmu, yana da shi.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ku yi haƙuri in ɗan ja birki. Yaro, kada wanda ya sa ka taɓa BIOS da wutar da ba ka da tabbas a kanta. Duk abin da aka faɗa maka a sama, in ka yi kuskure za ka sake gwadawa. Wannan kuwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, madabod ya zama faranti. A 2011 na yi wa kwamfutar ofishinmu haka, saura kaɗan a gama aka ɗauke wuta, sai da na biya daga albashina. Ka kai wa masu gyara, in ta lalace a hannunsu su suka sani.

Dan_Damagaram:
Gaskiya ne Baba. Nan wajenmu ma lokacin zafi haka wutar take, tana zuwa tana tafiya. Wani abokina ya yi wannan aiki da injin janareto, mai ya ƙare ana cikin yi. Amma shi nasa madabod ɗin mai maɓallin baya ne, da ya zuba mai ya sake dannawa, aikin ya tafi daga farko, ta tashi lafiya. To ina ga masu maɓallin nan ba su da haɗari kamar na da.

Injiniya_Zazzau:
@Tsohon_Ma'aikaci Allah ya ƙara girma, Baba, tsoronka yana da tushe. A zamanin da kake magana BIOS ɗin ne da kansa yake sabunta kansa, in ya karye a tsakiya babu mai tada shi. Na maɓallin baya kuwa wani ɗan guntu ne daban a jikin madabod yake karanta falash ya rubuta, bai damu da BIOS na ciki yana da rai ko ba shi da shi ba. Shi ya sa abin da @Dan_Damagaram ya faɗa yake yiwuwa, sau da yawa ana sake yi a dace. Duk da haka ban ce a yi ganganci ba. A samu UPS ko inbata mai cajin kirki. Madabod tsirara ba ya jan wuta, ƙaramin UPS ma ya ishe shi.

Mai_Kyamara_Kn:
Maƙwabcina mai kemis yana da sola da inbata saboda firjin magani. Zan roƙe shi in je can bayan isha. Injiniya don Allah ka faɗa min yadda ake yi dalla-dalla, kamar kana koya wa ɗan firamare.

Injiniya_Zazzau:
To saurara.

Ka shiga shafin MSI da tsohuwar kwamfutarka ko ta wani, ka nemo sunan madabod ɗinka cif. A nan mutane ke faɗawa rami: akwai B450 Tomahawk, akwai Tomahawk MAX, akwai Tomahawk MAX II. Uku ne daban, kowanne da fayil ɗinsa. Karanta sunan da aka buga a jikin madabod ɗin kansa, kada ka dogara da kwali tunda na hannu ne. Ka sauke na baya-bayan nan wanda ba na gwaji ba.

Zai zo a dunƙule cikin zip, ka warware shi. A ciki za ka ga fayil mai suna da ya fara da E7C02. Shi za ka canza wa suna gaba ɗaya ya koma MSI.ROM, kada ka bar ko harafi ɗaya na tsohon sunan a baya.

Falash kuma ka nemi ƙarami, tsoho ma ya fi, mai giga 4 ko 8 ko 16. Ka yi masa fomat da FAT32. In ya wuce giga 32 Windows ba zai ba ka zaɓin FAT32 ta hanyar da aka saba ba. Ka jefa fayil ɗin a fili, ba cikin wata folda ba.

Sannan ka tabbatar wayoyin wuta biyu suna jikin madabod: babbar mai ƙafa 24, da mai ƙafa 8 ta furosesa da ke can sama ta hagu. Ka kunna makunnin bayan fawa saflai amma kada ka danna maɓallin gaban akwati. Ka soka falash a ramin da ke dab da maɓallin, shi kaɗai ne ke wannan aikin, an kewaye shi da alama. Danna maɓallin. Wata 'yar fitila za ta fara ƙyafta. Daga nan hannunka ya bar wurin har sai ta mutu da kanta, kamar minti biyar zuwa sama. In ta ƙyafta sau uku ko huɗu ta tsaya, bai karanta falash ɗin ba, ka canza wani.

Abu_Amatullah:
Tunda an ambaci mai ƙafa 8, @Mai_Kyamara_Kn ka duba wannan ma tun yanzu. Rashin sa ta kaɗai yana kawo jar fitilar CPU, fanka kuma ya yi ta juyawa kamar komai lafiya. Kuma kada ka haɗa ta da ta katin hoto, suna kama. Ta furosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta katin hoto shida da biyu.

Mai_Kyamara_Kn:
Na duba, tana ciki, an rubuta CPU a jikin kan wayar.

Bakanike_Waya:
In ma ta lalace kada ka damu oga. Muna da ɗan na'urar CH341A, ana maƙala wa guntun BIOS ɗin kilif a rubuta masa kai tsaye. Na tada laftof da yawa da shi.

Injiniya_Zazzau:
@Bakanike_Waya a yi hattara dai. Da yawa daga madabod ɗin AM4 guntun BIOS ɗinsu na bolt 1.8 ne, ita kuwa na'urar nan 3.3 take bayarwa, wasu ma har 5 suke turawa a layukan saƙo. In babu adafta a tsakani, mai gyara ne zai ƙarasa marar lafiya.

Bakanike_Waya:
Akwai adaftan, Injiniya. Ba yau muka fara ba.

Sarkin_Zolaya:
Ni abin da ban gane ba, ka sayi abu da kuɗinka, sabo, sannan sai ka yi masa karatu kafin ya yi aiki? Intel ba ya wannan wahalar da mutane.

Dan_Sakkwato_01:
Kai Sarki, wa ya gaya maka? Je ka sa furosesan Intel na ƙarni na 13 bisa madabod ɗinsu B660 da ba a sabunta ba ka gani mi za ya faru. Wanga abu duk ɗaya ne. Bambancin shi ne su can soket suke canzawa, bayan ƙarni biyu ko uku sai ka sayi sabon madabod dole. AM4 kuwa tun 2016 yake, mutum ya sayi madabod a 2018 ya ɗora mai furosesan 2022. Wahalar minti biyar da sayen sabon madabod, wanne ya fi?

Injiniya_Zazzau:
Kuma da ƙyar aka samu hakan. A watan Mayun 2020 AMD ta fara cewa jerin 5000 ba zai yi aiki a madabod B450 da X470 ba, hujjarta ita ce guntun BIOS na yawancinsu mai megabait 16 ne, ba zai ɗauki bayanan duk furosesoshin ba. Jama'a suka yi ca, cikin 'yan makonni ta janye. Matsalar wurin kuwa gaskiya ce, tun a 2019 MSI ta rage wa BIOS na tsofaffin B450 ado da hotuna don a samu wurin Ryzen 3000, ta kuma fito da samfurin MAX mai megabait 32. Wato na Mai Kyamara yana cikin masu sa'a.

Hajiyar_Cafe:
Ku dai kun tafi siyasar kamfanoni, yaro na jiran Asabar. Ni tambayata daban ce tunda masana sun taru. Me ya sa in na taɓa bayan akwatin wasu kwamfutocin nawa sai in ji yana ɗan ja na kamar ƙaiƙayi? Yaran har tsoron soka falash suke.

Tsohon_Ma'aikaci:
Hajiya, ginin ne ba shi da wayar ƙasa, ko kuma an yi amfani da soket mai ƙafa biyu. Fawa saflai yana zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin akwati, wayar ƙasa ce ke kwashe ta. In babu ita, sai ta bi ta jikin wanda ya taɓa. Ki sa mai wayarin ya kafa miki ƙarfen ƙasa na gaske ya haɗa da soket ɗin. Kuma tunda kina sayen na hannu daga waje, ki riƙa duba bayan fawa saflai. Tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni mai 115 da 230. In yana kan 115 kika soka a wutarmu, ƙara ɗaya za ki ji sai hayaƙi.

Hajiyar_Cafe:
Wannan kam ya taɓa cin min guda ɗaya, Baba. Har yau ina jin ƙaurin.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar mai tambaya. Maganar wayar ƙasa a buɗe mata nata zaren, tana da amfani.

Gwanin_Bata:
To ni dai kafin ya je gidan mai kemis, ya ciro furosesan ya duba ƙafafunsa a hasken tocila. A AM4 ƙafafun a jikin furosesa suke, siraran gaske, ɗaya ta lanƙwashe ya isa. Sai dai ya kula wajen cire fankar, man da ke tsakani yana kamawa kamar gam, in ka ja kai tsaye sai ya tumɓuko furosesan daga soket da ƙarfi. A murɗa hagu da dama a hankali tukuna.

Mai_Kyamara_Kn:
Na dawo. Bari in ba ku labari yadda ya faru.

Na ɗauki madabod da fawa saflai a cikin kwali na tafi kemis, na shimfiɗa su a kan kwalin a saman benci, mai kemis yana riƙe min da fitilar waya. Na bi shawarar Gwani na cire komai, furosesa, RAM, katin hoto. Ƙafafun furosesa lafiya lau, na duba layi-layi.

Falash na farko mai giga 32 ne sabo. Na danna, fitila ta ƙyafta sau uku ta tsaya. Gabana ya faɗi. Na sake, haka. Sai mai kemis ya buɗe durowa ya ɗauko wani tsohon falash mai giga 4 da murfinsa ya ɓace, wai tun yana makaranta yake da shi, waƙoƙi ne a ciki. Muka kwashe waƙoƙin a laftof ɗinsa, na yi fomat, na sa fayil. Ina dannawa ta fara ƙyaftawa ba tsayawa, can sai ta ƙara sauri. Wata mata ta shigo sayen maganin tari, na ce Hajiya don Allah kada ki jingina da bencin nan. Ta dube ni kamar mahaukaci. Wajen minti shida fitilar ta mutu.

Na koma gida na mayar da komai, na sa sabon batirin Hajiya, RAM a rami na biyu da na huɗu, na danna su har sai da na ji ƙas ta kowane gefe. Na kunna. Fitilar CPU ta kama, ta mutu. DRAM ta kama, ta daɗe har na fara salati, kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi, sannan VGA, sai ga tambarin MSI a monita. Wallahi sai da na yi sujada.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu fitilar BOOT ce ke kamawa, kuma kai tsaye BIOS take shiga. A ciki tana ganin sunan SSD ɗina a jerin kayan da ke haɗe, amma babu shi a jerin abin da za a tashi da shi. Duk aikin amaryar yana cikin SSD ɗin nan.

Dan_Damagaram:
Alhamdu lillahi. A gaida mai kemis da falash ɗinsa.

Gwanin_Bata:
Ka ce ka danna RAM har ka ji ƙas ta kowane gefe. Da can ka ji ƙas ɗin? Kuma da a wane rami suke?

Mai_Kyamara_Kn:
Gaskiya da a na ɗaya da na biyu na sa su. Ƙas ɗin kuma ba zan rantse ba.

Gwanin_Bata:
Na gama magana.

Injiniya_Zazzau:
Gwani, ba ka gama ba. Ramin da ba daidai ba yakan rage gudu ko ya tsayar da mutum a fitilar DRAM, kuma ya gwada guda ɗaya tun farko bai ga canji ba. Sitikar kwali ta ce 3000. Amma na yarda an canza abu uku a dare ɗaya, BIOS da batiri da zaman RAM, don haka kowa na iya cewa nasa ne ya yi aiki. Har Hajiya ma tana da kaso.

@Mai_Kyamara_Kn kada ka yi fomat, kada ka yarda wani ya ce maka a sake Windows yanzu. Fayilolinka suna nan. Tsohuwar kwamfutar ofis ɗin nan da alama an sa mata Windows ta tsohon tsari ne, wanda ake kira MBR, shi kuwa sabon BIOS yana neman na UEFI kaɗai. Shi ya sa yake ganin SSD ɗin amma bai ɗauke shi abin tashi ba. Shiga saitin BIOS, ɓangaren da ya shafi tsarin Windows, za ka ga inda aka zaɓi UEFI, ka mayar da shi CSM, wanda ke karɓar tsohon tsarin. Ka adana da F10 ta sake tashi.

Abu_Amatullah:
Ƙari a kan na Injiniya: in ta tashi, farkon abin da za ka yi shi ne kwashe aikin mutane zuwa wani wuri. Windows ɗin da aka girka a kan Intel aka kawo shi kan AMD yakan tashi, amma wani lokaci ya riƙa kawo shuɗin allo saboda tsofaffin direbobi. Bayan ka miƙa aiki sai ka girka sabo fes a tsarin UEFI. Ko ba don komai ba, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa sai da UEFI da guntun tsaron da ake kira TPM 2.0. Akwai umarnin mbr2gpt da ke juya diski ba tare da goge komai ba, amma ni ba zan yi shi a kan diskin da ke ɗauke da bikin mutane ba sai na kwafe.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya bar duk wani juye-juye sai bayan Asabar.

Dan_Sakkwato_01:
Wani abu kuma da ba a faɗi ba. Duk wanda ya canza furosesa bisa madabod na AMD, wata rana za ya ga baƙin allo da rubutu yana tambaya ko a share fTPM, wato TPM ɗin da ke cikin furosesa, a danna Y ko N. In diskinka yana kulle da BitLocker, makullin diski na Windows, kuma ba ka da mabuɗin nan mai lamba 48, kada ka yi saurin danna Y. Kwamfutocin ofis da yawa suna zuwa da kullen nan mai su bai sani ba.

Mai_Kyamara_Kn:
Na mayar CSM, ta tashi! Ta ɗan jima tana juya ɗigogin nan tana cewa tana shirya na'urori, ta sake kunna kanta sau biyu, sai ga hoton ɗiyata a allo yadda na bar shi. Ban ga tambayar Y da N ba. Yanzu haka ina kwafe foldar bikin zuwa wani diski na waje. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya biya muku bukatunku.

Abu ɗaya na lura, a jikin RAM an rubuta gudunsa 3200 amma BIOS yana nuna 2133. Wani abin ne ya lalace?

Injiniya_Zazzau:
Babu abin da ya lalace, haka DDR4 yake farawa sai an kunna masa XMP, saitin BIOS da ke kai shi cikakken gudunsa, a naka za ka ga an rubuta A-XMP. Ryzen yana son RAM mai gudu, za ka ji bambanci wajen fitar da bidiyo. Amma ka ji maganar Baba, bar shi sai ka miƙa aiki. In ka kunna ta ƙi tashi, ka cire wuta ka haɗa ƙafafu biyun da aka rubuta wa JBAT1 a jikin madabod da bakin sukundireba na 'yan daƙiƙu, komai zai koma yadda yake. Ka tuna fa CSM ɗin ma zai koma, sai ka sake saita shi.

Sabon_Shiga_22:
Salam. Ni ma irin matsalar ce amma nawa madabod A320 ne kuma babu maɓallin nan a baya, babu ma fitilun. Yaya zan yi?

Dan_Sakkwato_01:
Sai ka ari tsohon furosesa da madabod ɗin ya sani, irin Ryzen 3 2200G ko Athlon 200GE, ka tada shi da shi, ka sabunta daga cikin BIOS, sannan ka mayar da naka. Masu gyara da yawa suna ajiye guda don wanga aiki. Amma faɗa muna sunan madabod ɗin duka da furosesan, A320 iri-iri ne, kuma wasu sai an bi ta wani BIOS na tsakiya kafin a kai na ƙarshe.

Gwanin_Bata:
Kafin ya ari komai ya fara cire RAM ya goge.

Hajiyar_Cafe:
Gwani kai da RAM sai Allah.

Gwanin_Bata:
Hajiya ai ban ga wanda ya kawo hujjar cewa ba shi ba ne. Mai Kyamara, don a raba gardama, ka mayar da su rami na ɗaya da na biyu ka kunna mu gani.

Mai_Kyamara_Kn:
Oga Gwani, ka yi min rai. Murfin akwatin ma na ɗaure shi da sukurori huɗu, bidiyon kamu yana kashi 40. Sai bayan Asabar.